Karatun digiri na gaba da horon asibiti a ilimin halayyar ɗan Adam

Karatun digiri na gaba a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda wasu ke kira saikoloji, shi ne matakin da ɗalibi ke shiga bayan digirin farko, ko dai digiri na biyu ko na uku, wato digirin digirgir. A ƙasashe da dama digirin farko kaɗai ba ya ba mutum damar duba majiyyaci. Wanda ke son ya zauna da mai fama da tsananin damuwa, ko firgici, ko shaye-shaye, ya auna shi, ya kuma taimaka masa ta hanyar tattaunawa, sai ya haɗa abu biyu: karatun aji da bincike, da kuma horo a gaban majiyyata ƙarƙashin idon gwani. Yadda za a raba lokacin ɗalibi tsakanin waɗannan biyun shi ne abin da masu fannin suka fi daɗewa suna jayayya a kai.

Masanin halayya na asibiti daban yake da likitan ƙwaƙwalwa. Shi likitan makarantar likitanci ya yi, kuma yana rubuta magani.

Asali

Galibi ana ɗaukar 1879 a matsayin mafarin fannin, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Leipzig ta ƙasar Jamus. Sai dai abin da ake yi a wannan ɗaki awon gani da ji da saurin amsawa ne, babu ruwansa da mara lafiya. Ɗalibinsa Ba'amurke, Lightner Witmer, shi ya karkatar da akalar. A 1896, yana koyarwa a Jami'ar Pennsylvania, wata malamar makaranta ta kawo masa maganar wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa iya harhaɗa haruffa. Witmer ya zauna da yaron, ya gano akwai matsala a idonsa, ya tura shi wurin likitan ido, sannan aka shiga koya masa karatu a hankali. Daga wannan aiki aka sami asibitin halayya na farko a duniya, kuma a 1907 Witmer ya kafa mujalla inda ya raɗa wa sabon fannin sunan da ake kiransa da shi har yau, wato ilimin halayya na asibiti.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Yerkes ya jagoranci shirya jarrabawar basira da aka yi wa sojojin Amurka sama da miliyan ɗaya da rabi. Wannan ya ɗaga darajar fannin, amma ya ɗaure shi wuri guda: tsawon shekarun da ke tsakanin yaƙoƙin biyu, aikin masanin halayya a asibiti kusan auna basira ne kawai, magani kuwa yana hannun likitoci. Horon ma ba shi da tsari, kowa da inda ya tsinci nasa.

Taron Boulder da abin da ya biyo baya

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya komai. Sojoji dubbai sun koma gida da ciwon da ba a gani a jiki, likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su isa ba. A 1946 Hukumar Kula da Tsofaffin Sojojin Amurka ta fara zuba kuɗi a jami'o'i don a horar da masanan halayya, ta buɗe musu asibitocinta, ta kuma nemi su zama masu digiri na uku. Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, APA, wadda aka kafa tun 1892, ta ɗora wa David Shakow jagorancin wani kwamiti, kuma rahotonsa na 1947 ya ba da shawarar karatun shekara huɗu, ɗaya daga ciki a asibiti.

A watan Agustan 1949 mutum saba'in da 'yan kai suka yi mako biyu suna muhawara a garin Boulder na jihar Colorado. Matsayar da suka cimma ita ce ɗalibi ya fito masanin kimiyya kuma mai duba majiyyata lokaci guda, da digirin PhD daga sashen halayya na jami'a. Hujjarsu mai ƙarfi ce. A wancan lokaci ba a san takamaimai wace hanyar magani ke aiki ba, don haka wanda zai taɓa rayuwar mutane ya kamata ya iya gwada abin da yake yi da kansa. Bayan shekara uku kacal, a 1952, Hans Eysenck na Landan ya buga maƙalar da ta ce babu shaidar cewa maganin tattaunawa ya fi barin majiyyaci ya warke da kansa. An soki lissafinsa sosai daga baya, amma maƙalar ta tilasta wa fannin neman shaida.

Ƙorafi bai daɗe ba ya taso. Masu suka suka ce ɗalibi na kwashe shekaru a kan ƙididdiga da kundin bincike, alhali yawancin waɗanda suka kama aikin asibiti ba sa sake buga ko maƙala ɗaya. A 1968 Jami'ar Illinois, ƙarƙashin Donald Peterson, ta fara ba da sabon digiri mai suna PsyD, wanda ya fi karkata ga aiki. A 1969 aka buɗe makarantar ƙwararru mai zaman kanta a California, wadda ba ta jingina da kowace jami'a ba. Taron da aka yi a garin Vail na jihar Colorado a 1973 ya amince da wannan tafarki. Martanin ya zo a 1991, lokacin da Richard McFall ya fitar da kiransa cewa maganin da kimiyya ba ta tabbatar ba bai halatta a yi wa jama'a ba, kuma magoya bayansa suka kafa hukumar tantance kwasa-kwasai tasu wajen 2007.

Bambancin ya fi fitowa a aljihu. Kwasa-kwasan PhD kan ɗauki ɗalibai kaɗan a shekara, sau da yawa a yafe musu kuɗin makaranta a kuma ba su alawus. Na PsyD kan ɗauki da yawa, ɗalibi ne ke biya, wasu su gama da bashi mai nauyi.

Yadda horon asibiti yake

Zuciyar horon ita ce zaman bita da gwani mai sa ido. Al'adar naɗar hira ta samo ƙarfi daga Carl Rogers, wanda a farkon shekarun 1940, a Jami'ar Jihar Ohio, ya riƙa ɗaukar hirar magani a faifai don ɗalibai su saurara. Kafin nan, abin da malami ke ji shi ne abin da ɗalibi ya tuna, ko abin da ya ga damar faɗa.

A yau ɗalibi kan kawo bidiyon zaman da ya yi, da izinin majiyyaci. Malama ta tsayar da bidiyon a daidai inda majiyyacin ya ce ba ya iya barci, ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ɗalibin kuma ya yi sauri ya jefa wata tambayar. Sai ta tambaye shi me ya ji a ransa a wannan shirun, kuma me ya hana shi jira. Daga nan su duba ko ya tambayi mutumin kai tsaye game da tunanin kashe kansa, tambayar da sababbin ɗalibai suka fi jin nauyin yi. Irin wannan gyara ba a samunsa a lacca, kuma kwas ɗin da ya yi sakaci da shi ya cuci ɗalibansa da majiyyatansu gaba ɗaya.

Ban da wannan, ɗalibi na koyon amfani da ma'aunai kamar gwajin basira na Wechsler da na ɗabi'a mai suna MMPI, da rubuta rahoto, da ƙa'idojin riƙe sirri da iyakarsu, wato lokacin da ya wajaba a fasa sirri saboda rai na cikin haɗari.

Tsarin ƙasashe

A Amurka digirin kan ci shekara biyar zuwa bakwai, ta ƙarshe kuma ɗalibi na yin ta ne cur a asibiti ko wata cibiya don sanin makamar aiki. Tun 1999 kwamfuta ke haɗa ɗalibai da cibiyoyi bisa jerin zaɓin da kowane ɓangare ya miƙa. An yi shekaru, musamman wajen 2010, da masu nema suka fi gurabe yawa, har wasu suka ƙara shekara suna jira. Lasisi jiha ce ke bayarwa, bayan jarrabawar ƙwarewar aiki mai suna EPPP. Jihar Connecticut ce ta fara dokar tantance masanan halayya a 1945.

A Birtaniya digirin shekara uku ne, kuma ɗalibi ma'aikaci ne mai albashi a hukumar lafiya ta ƙasa, NHS. Yana zagaya sassan manya, da yara, da tsofaffi, da masu naƙasar koyo, yana kuma rubuta kundin bincike. Tun 2009 doka ta wajabta rajista kafin mutum ya yi amfani da laƙabin masanin halayya na asibiti. Ma'aunin Turai na EuroPsy ya tsaya a kan karatun shekara biyar da shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin kulawa. A Afirka ta Kudu digiri na biyu ne ƙofar shiga, sai shekarar horo, sai shekarar hidimar al'umma.

Rubuta magani

A Amurka, jihar New Mexico ta ba masanan halayya masu ƙarin horo izinin rubuta wasu magunguna a 2002, Louisiana ta bi sahu a 2004, wasu jihohi kaɗan suka biyo baya. Ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa na adawa da hakan, su kansu masanan halayyar bakinsu bai zo ɗaya ba.