Ciwon toshewar hanyoyin numfashi: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Sakkwato

Mene ne wannan ciwo, kuma me ya raba shi da asma?

Ciwo ne da ke ƙuntata hanyoyin iska a huhu, ya kuma lalata ƙananan jakunkunan da ke karɓar iskar, har mutum ya riƙa haki a aikin da a da bai ɗauke shi a bakin komai ba. Likitoci suna kiransa COPD. Mai asma yakan samu sauƙi sosai idan ciwon ya lafa, amma ɓarnar da wannan ciwo ya yi wa huhu ba ta gyaruwa, kuma galibi sai an haura shekara 40 yake bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021.

Wanda bai taɓa shan taba ba zai iya kamuwa?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Taba sigari da shisha suna kan gaba, amma uwar gida da ta shekara talatin tana hura itace ko kara a madafin da ba shi da taga ta shaƙi hayaƙin da ya isa ya raunata huhunta. Irin waɗannan mata ne ake cewa tsufa ne kawai ya kama su, alhali tari da kakin da suke fama da shi kowace safiya alama ce da bai kamata a raina ba.

Yaya ake tabbatar da shi?

Ana sa mutum ya hura iska da ƙarfi cikin wata na'ura mai auna numfashi, don haka a nemi likitan ƙirji, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya kamata a yi gwajin tarin fuka ma, saboda alamomin suna kama da juna.

Yaya mai ciwon zai bi da hunturu?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo da ƙura ke rufe gari, ya rage fitar sassafe, ya sa takunkumi idan zai shiga kasuwa ko hawa babur. Kada a kwana da gawayi a ɗaki rufe. Turaren wuta ma, duk da matsayinsa a gidajenmu, a ɗauke shi daga ɗakin mai ciwon.

Magani fa?

Daina taba shi ne babban abin da ke rage saurin lalacewar huhu. Maganin shaƙa yana buɗe hanyoyin iska, muddin an koyi yadda ake amfani da shi daidai, ba a kuma bar shi don an ji sauƙi ba. Tafiya a ƙasa kullum gwargwadon hali tana ƙara ƙarfi, haka kuma shaƙar iska ta hanci a fitar da ita a hankali ta tsukakken baki yana rage haki.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan haki ya hana magana, ko kaki ya ƙaru ya koma kore ko ruwan ɗorawa, ko leɓɓa suka canza launi, ko ƙafafu suka kumbura, kada a jira gari ya waye.