Raunin Ji da Kurumta a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Raunin ji shi ne raguwar ƙarfin kunne wajen ɗaukar sauti, tun daga wanda ake cewa kunnensa ya yi nauyi har zuwa kurma da ba ya jin ko tsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 430 ne ke da raunin da ya kai a nema musu taimako, miliyan 34 daga ciki yara. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara daga abubuwan da za a iya kaucewa yake fitowa. Wannan lissafi na ƙarshe shi ya fi shafar gidajen karkara.

Musabbabi

A ƙasar Hausa sanƙarau na kan gaba. Kano da Jigawa suna cikin yankin da cutar ke tashi daga hunturu zuwa bazara, kuma annobar 1996 ta kashe fiye da mutum dubu 10 a Nijeriya. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kan iya rasa ji a kunnuwa biyu, shi ya sa ake so a gwada jinsa da zarar ya warke. Ƙyanda da hangum da shawara mai tsanani ga jariri da wahalar haihuwa su ma suna jawo shi, haka nan gado, wanda ya fi bayyana inda auren zumunci ya maimaitu.

Wanda aka fi rainawa shi ne kunne mai zubar ruwa. Yaro zai shekara mugunya na fita, ana share masa da gefen zani ana cewa zai daina. A wannan tsakanin fatar dodon kunne ta huje, ƙananan ƙasusuwan da ke bayanta suna lalacewa. Ɗiga man ja ko ruwan ganye ƙara ɓarna yake yi, sakace da tsinken tsintsiya ko gashin kaza kuwa tura dauɗa ciki yake yi, wani lokaci ya fasa fatar. Wannan ciwo yana jin magani idan an kai shi asibiti da wuri, kuma abin takaici ne a ce shi ya hana yaro karatu.

Akwai allurai irin su gentamicin da streptomycin da kan kashe ji idan aka yi su ba da lissafin likita ba, a kemis ko a gida. Mai injin niƙa da mai wuni kusa da janareta su ma jinsu kan tafi a hankali. Raunin ji na tsufa kuwa yakan fara ne da jin murya amma a kasa rarrabe kalmomi, musamman a taron biki ko kasuwa.

Gano shi

Uwa ce ta fi kowa saurin lura. Jaririn da ba ya firgita idan kwano ya faɗi, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar murya, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi gwaji. Cewa "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba" ta ci wa yara da yawa shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Ana duba kunne a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Na'urar ji

Ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a bayan kunne ko a cikinsa. Tana ɗaukar sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta tura shi ciki. Ba ta warkar da kunne, ragowar jin da ake da shi take amfani da shi. Dole a saita ta bisa sakamakon gwajin mai ita, don haka wadda aka saya a kasuwa ko aka aro ta wani na iya cutarwa. Ɗawainiyarta ce ke kayar da iyalai a ƙauye: batirinta ƙanana ne, ba sa wuce kwanaki zuwa mako biyu, kuma sai a birni ake samu. Ƙurar hunturu da gumi da damshin damina suna toshe ta. A cire ta lokacin alwala da wanka da barci, a goge, a adana a busasshen wuri. Robar da ke shiga kunnen yaro sai an riƙa sake ta yayin da yake girma, in ba haka ba na'urar ta dinga ƙara mai kama da fito. Makonnin farko sauti kan zo da hayaniya, a nan ne dattawa da dama ke jefa ta ƙarƙashin matashi.

Magana a gida

A tsaya gaban mutum inda haske ke kan fuska, a taɓa kafaɗarsa kafin a fara, a kashe rediyo. Ihu ba ya taimakawa, bayyana kalma a natse ya fi. Idan bai gane ba a sauya kalmar. Kada a ce "bar shi kawai", domin da haka ake fitar da Baba daga shawarar gidansa.

Kuramen ƙasar Hausa suna da Maganar Hannu, cikakken harshe da suka gada tun kafin zuwan makarantun kurame, kuma ya bambanta da maganar hannu mai tushen Amurka da ake koyarwa a aji. Koyonta ba ya hana yaro furta abin da zai iya furtawa. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano da ta kurame a Haɗejiya, amma kafin yaro ya kai shekarun shiga, iyayensa da yayyensa su nemi wani babban kurma a garin ya riƙa zuwa gida yana koya musu tare da shi.