Kafin a ce gamo ya yi, a ɗaga kai a dubi fitila

Ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa a cikin garin Gombe. Awon ciki, rigakafi, awon nauyin yara, sai zagayen gida-gida idan an samu hali. A bazarar bara, lokacin da zafi ya kori kowa daga ɗaki zuwa tsakar gida, wata uwa ta zo mini da ɗanta mai shekara biyar, wai in rubuta masa maganin barci.

"Anti, wallahi da an kira Magariba sai ya birkice. Ihu, buga kai, ya shige bayan randa ya ƙi fitowa. Kakarsa ta ce gamo ya yi. An yi hayaƙi, an yi tofi, rubutu kuwa ya sha har na daina ƙirgawa."

Na san yaron. Shekara guda kafin nan likitan yara ya shaida musu cewa yana da galahanga, wadda a asibiti muke kira otizim. Maganarsa ba ta wuce kalma biyar ko shida ba, amma yaro ne mai natsuwa in an bar shi da abin wasansa. Na tambaye ta yaushe abin ya fara, ta ce sati uku ke nan. Me ya canza a gidan cikin sati ukun? Ta yi shiru, ta ce babu komai. Na ce to zan zo bayan La'asar in zauna da ku har dare.

Na same shi a kan tabarma yana jera murafan kwalba, ja da ja, kore da kore, bai ko ɗago ya dube ni ba. Rana ta faɗi, ladan ya kira salla, yaro lafiya lau. Can duhu ya ɗan sauko, sai kawai tsakar gidan ya yi fari fat. Fitilar sola ce a kan katangar maƙwabci, irin faffaɗar nan mai kunna kanta in ta ji duhu. An kafa ta ne bayan an sace babur a layin, kuma wanda ya ɗaura ta ya ɗaga fuskarta sama don ta haska nesa. Rabin hasken yana faɗawa titi, rabi yana tsallako katanga ya bugi farin bango, ya bugi tukwanen dalma da aka kife, ya dawo ido. Yaron ya saki murafansa, ya danne idanu da damtse, ya soma wani gunji a maƙogwaro, ya rarrafa bayan randa inda inuwa take. Ni ma na kanne ido, amma kafin minti ɗaya nawa ya saba. Kuma in faɗi gaskiya, irin wannan fitilar ce a ƙofar gidana, ban taɓa tunanin inda take faɗawa ba sai ran nan.

Ba na ganin laifin kakar. Mun taso ana ce mana a shigar da yara gida da Magariba, to in yaro ya riƙa birkicewa daidai wannan lokacin kullum, ina hankali zai fara zuwa? Addu'a kuma ba wanda zai hana. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa da duba sanadi, don a garuruwanmu yanzu Magariba ita ce lokacin da fitilu ke tashi gaba ɗaya: na titi, na masallaci, na gidan mai, na mai shayi da mai tsire, ga na babura da Keke Napep.

Galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ƙarami ƙwarai. Allurar rigakafi ba ta kawo ta, tarbiyyar uwa ba ta kawo ta, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya yi bayaninta a 1943, kuma an daɗe ana gane ta da jinkirin magana, ƙin haɗa ido, da son maimaita abu guda. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa yadda yaro ke jin haske, ƙara, wari da taɓi cikin alamomin da ake dubawa, abin da iyaye mata suka riga kowa lura da shi.

Yadda nake kwatanta wa iyaye shi ne da rariya. Ido da kunne suna kwaso komai, ƙwaƙwalwa ta tace, ta riƙe mai amfani ta zubar da saura. Shi ya sa kike iya hira a tsakiyar Babbar Kasuwa ba ki jin kowace murya. A wurin da yawa daga masu galahanga rariyar ba ta tacewa haka, komai yana zubowa da ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa tafiyar dare a hanyar Gombe zuwa Bauchi ya san yadda ake ji in tirela ta tunkaro ba ta rage fitila ba. Kai daƙiƙa biyar ce ta wuce. A ce an tsayar da tirelar nan a tsakar gidanka har Asuba, an kuma hana ka bakin da za ka ce a kashe.

Ba dukansu ne haka ba. Akwai wanda haske ba ya damunsa, ƙarar injin niƙa ce matsalarsa. Akwai ma wanda yake neman hasken, ya ƙura wa tocila ido ko ya riƙa kaɗa yatsu a gaban ƙwan fitila. Uwa ita ta fi kowa sanin nata.

Hasken dare ya fi na rana cutarwa saboda bambancin. Da rana ko'ina haske ne, ƙwayar ido ta tsuke ta zauna. Da dare ta buɗe don ta gani a duhu, sai farin haske ya soke ta daga wuri guda. Fitilun zamanin nan na LED, musamman farare ƙal ɗin, suna da shuɗin haske da yawa a ciki. Ku duba jikin kwalin ƙwai in za ku saya: in an rubuta 6500K, farin nan ne mai kashe ido, in 2700K ne ko 3000K, mai ruwan ɗorawa ne, ya fi sauƙi. Sai ƙyaftawa. Dogon ƙwan nan na da yana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya a kan wutarmu, ƙwayaye masu araha da yawa ma suna yi, sola kuma in batirinta ya yi sanyi sai ta riƙa ƙyaftawa. Yawancinmu ba ma lura, wasu masu galahanga kuwa suna lura, har da ɗan zuuu ɗin da ƙwan yake yi. Wani lokaci in ka saita kyamarar waya a kan ƙwan za ka ga layuka suna gudu a allon.

Ga kuma barci. Jiki yana sakin wani sinadari, melatonin, in duhu ya yi, shi ke sanar da shi dare ya yi. Haske mai ƙarfi, musamman mai shuɗi, yana danne shi. Yara masu galahanga dama da yawansu barci na yi musu wuya, to ga fitila a ka har gari ya waye. Yaron da bai yi barci ba gobe ba zai ci abinci da kyau ba, ba zai zauna a makaranta ba, uwar da ta kwana tsaye ita ma haƙurinta ya ƙare, sai duka ya biyo baya. Don Allah a daina zuwa kemis ana sayo maganin mura mai sa barci ana ɗirka wa yaro kullum. Ko melatonin ɗin ne, sai likita ya ce.

Maganin na gidan nan bai ci kuɗin kirki ba. Uban yaron ya yi ta nauyin baki, wai kar a ce ya hana maƙwabci tsare dukiyarsa. Na ce muje tare. Muka yi sallama, na ce, "Baba, alfarma muka zo nema," na gaya masa abin da na gani. Dattijon ya riƙe baki, ya ce, "Subhanallahi, 'yata, ai da an faɗa mini tun ranar farko." Washegari aka sa tsani, aka sunkuyar da fuskar fitilar ta kalli ƙofarsa, aka lanƙwasa guntun kwano aka tare gefen da ke kallon gidan yaron. Ashe ma tana da rimot a cikin kwali, ba a taɓa taɓa shi ba, aka rage ƙarfinta. Ƙofarsa ta fi haskuwa yanzu, don fitilar da ke dukan ido ba ta nuna ɓarawo, sai dai ta makantar da mai gadi ta bar lungu baƙi ƙirin.

Wannan nake so masu kafa fitilu su ji, daga kansila mai aikin mazaɓa har kwamitin masallaci da matasan da ke karo-karo don haska layi. Ba wanda ya ce a koma duhu, mun san abin da duhu ke jawo mana. A sa fitila ta kalli ƙasa kawai, a tsaya bayan Isha a ga inda hasken ya faɗa, a ƙwanƙwasa ƙofar da ke fuskantar turken a tambaya. Masu kunna kansu in mutum ya gifta sun fi tayar wa yaro hankali, gara mai ci a hankali ba yankewa.

A cikin gida, labule mai kauri a tagar da ke kallon titi, ko bargo ma ya yi. In a waje ake kwana, a ja shimfiɗarsa gindin katanga inda inuwa take, a yafa zane a kan gidan sauro ta ɓangaren fitila. A bar masa lungu guda mai duhu da zai gudu in abin ya yi masa yawa, kar a jawo shi daga ciki. Masu cewa a riƙe shi a ƙarƙashin hasken har ya saba, wannan azaba ce, kuma tsoro take ƙara masa. In fita ta kama da dare, kamar cikin azumi ko hidimar Salla, a sa masa hular hana-salla, a kan babur a juya fuskarsa jikin uwa a rufa masa mayafi, a gaya masa tun a gida inda za a je. Wurin biki mai fitilu masu walƙiya gara a ɗaga masa ƙafa, ballantana farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu galahanga, kuma walƙiyar fitila na iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ita.

Abu ɗaya kada a yi wasa da shi. In gudun hasken sabo ne, ya zo da zazzaɓi, ciwon kai, amai ko sanƙarewar wuya, a nufi asibiti a daren, don sanƙarau haka yake zuwa, kuma bazara ce lokacinsa a ƙasarmu. Jan ido mai kwantsa ko ƙuraje kamar na ƙyanda su ma na asibiti ne. Wanda kuma yake zargin galahanga a ɗansa ba a taɓa dubawa ba, ya fara da asibitin unguwa, mu tura shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru. Ya zo da ɗan littafi da ya rubuta na sati guda: ƙarfe nawa yaro ya birkice, a ina, me ke kunne a lokacin.

Uwar ta dawo bayan wata guda awon ƙaramarta. Galahanga tana nan, har yanzu in an tayar da janareta a layi sai ya toshe kunne, amma ihun Magariba ya lafa, yana barci a tabarmarsa da murafansa a hannu. Kakar ta ce rubutun ƙarshe ne ya ci. Uban kuma, in ji ta, ba ya fita da shi da dare sai da hana-salla a aljihu.