Waiwaye: Tun 1978 kujerar Fuluto ta fara rawa

Har yau gardamar cire Fuluto daga jerin duniyoyin da ke kewaya Rana ba ta mutu ba. Duk sa'ad da aka sake yaɗa hotunan da kumbon New Horizons ya ɗauko a Yulin 2015, sai masu son Fuluto su taso: yaya za a ce wuri mai duwatsun ƙanƙara da sararin iska nasa na kansa bai kai duniya ba? Akasari suna ɗaukar taron masana taurari na birnin Prague, ranar 24 ga Agustan 2006, inda aka sauke ta daga wannan muƙami, tamkar juyin mulkin dare ɗaya.

Labarin farko sananne ne. Clyde Tombaugh ya gano Fuluto a 1930 a jihar Arizona ta Amurka, aka naɗa ta duniya ta tara, bisa zaton nauyinta ya yi kusa da na duniyarmu. Zato ne kawai, don ba a da ma'aunin auna ta.

Ma'aunin ya zo ne a Yunin 1978, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Masanin taurari James Christy yana duba hotunan Fuluto sai ya lura da wani ɗan ƙullutu a gefenta. Wani zai ce laifin hoto ne ya wuce, amma taurarin da ke cikin hoton ba su da wannan ƙullutun. Ya koma kan tsofaffin hotuna, ya tarar ƙullutun yana zagayawa, yana dawowa wurinsa duk bayan kwana shida da 'yan sa'o'i. Ashe wata ne, wanda aka sa wa suna Charon.

To ina ruwan wata da muƙami? Idan ka san tazarar wata daga uwar ɗakinsa da tsawon lokacin da yake ɗauka ya kewaye ta, lissafi zai ba ka nauyinta. Da aka buga, sai aka ga sai an tara Fuluto kusan 500 kafin a samu nauyin duniyarmu. Ko Watanmu ya fi ta girma: faɗinsa kilomita 3,474, nata kuwa 2,377. Rigar da aka ɗinka mata a 1930 ta yi mata yawa tun asali, sai dai littattafan makaranta sun ci gaba da lissafa tara, yara na haddacewa.

Abin da ya biyo baya cikon magana ne. A 1992 David Jewitt da Jane Luu suka hango wani ƙaramin curin ƙanƙara bayan Neptune, duniya ta takwas. Ban da Fuluto da watanta, shi ne na farko cikin dubban da aka sani yanzu a zoben Kuiper, yankin da ita ma Fuluto ke ciki. A 2005 aka gano wata irinta mai suna Eris, wadda ta ɗara Fuluto nauyi. Daga nan zaɓi biyu ya rage: ko a yi ta ƙara kujeru, ko a kira Fuluto da Eris ƙananan duniyoyi. Mahalarta taron Prague suka ɗauki na biyun, shekara 28 bayan Christy ya ga ƙullutun nan.