Faɗa-wutan tsibiran Hawai da baƙin ƙwarin da suka rutsa da su

'Yan'uwa manoma, mu malaman gona idan muka ɗauko zancen tsutsa, yawanci zancen feshi ne ke biyo baya. Wannan karon labarin wasu tsutsotsi zan ba ku da ba su taɓa cin hatsin kowa ba, domin abin da ya same su ya shafi yadda muke yawo da iri da shuke-shuke daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Hawai jerin tsibirai ne na ƙasar Amurka a tsakiyar tekun Fasifik, kuma tazararsu da gaɓar Kalifoniya ta haura kilomita 3,500. Duwatsu masu aman wuta ne suka samar da su daga ƙarƙashin teku, saboda haka duk wata halitta da ke can asali iska ko ruwa ko tsuntsu ne ya kai ta. Tururuwa ba ta samu isa ba sai da mutum ya kai ta. Wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta kuwa ya isa tun kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce, ya tarar da fili fetal babu mai yi masa hamayya. Zuriyarsa ce masana ke kira Hyposmocoma. Yau an rubuta sunayen sama da iri 350 daga cikinsu, kuma babu ko ɗaya da ake samu a wajen Hawai. Da yawansu ma tsibiri ɗaya kawai suka sani, wasu dutse ɗaya.

Wani abin ɗaure kai shi ne zuriyar ta girmi ƙasar da take zaune a kai. Kauai, wanda ya fi sauran manyan tsibiran tsufa, bai wuce shekara miliyan 5 da wani abu ba. Kakanninsu sun fara zama ne a wasu tsofaffin tsibirai na arewa maso yamma waɗanda teku ya zaizaye, suka riƙa ƙaura zuwa sababbi yayin da suke ɓullowa.

Shi faɗa-wutan ba abin kallo ba ne, ɗan mitsitsi ne da za ka iya kaɗe shi daga riga ba ka lura ba. Abin kallon yana wurin tsutsarsa. Takan saƙa wa kanta kube da zaren da take fitarwa daga baki, ta manna masa yashi ko ɓawon itace ko gansakuka, ta riƙa jan abinta duk inda za ta, kamar kunkuru da ƙoƙonsa. Kowane reshe na zuriyar da irin ɗinkinsa, har masana kan gane dangin tsutsa daga siffar kubenta.

A duk duniya, tsutsotsin faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi masu cin nama ba su kai 2 cikin 1,000 ba. A 2005 Daniel Rubinoff na Jami'ar Hawai da abokin aikinsa William Haines suka bayyana wata a tsibirin Maui mai farautar dodon koɗi. Tsawonta bai kai santimita 1 ba. Idan ta tarar da ƙaramin dodon koɗi yana hutawa a kan ganye, sai ta ɗaure ƙoƙonsa da zare ta kafe shi, yadda ba zai saki kansa ya faɗo ba, sannan ta cusa bakin kubenta a ƙofar ƙoƙon, ta miƙa jiki ciki ta cinye shi da ransa. Ko yunwa za ta kashe ta, ba ta taɓa ganye.

A 2010 kuma aka ba da rahoton iri 12 da ke rayuwa a tudu da cikin ruwa duka. Suna kiwon gansakuka a kan duwatsun rafi, suna riƙe kansu da zare kada ambaliya ta tafi da su. Sharaɗinsu ɗaya ne, ruwan ya zama mai gudu. A ruwan kwance nutsewa suke yi su mutu. To ga shi an daɗe da karkatar da rafuka masu yawa na tsibiran domin ban-ruwan rake.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce wadda aka sanar a 2025. Tana zaune ne a cikin saƙar gizo-gizo a kogon itace ko tsagin dutse, tana cin ragowar ƙwarin da ya kama. Don kada maigidan ya haɗa da ita, sai ta lulluɓe kubenta da kawunan tururuwa, fukafukan ƙuda da tsohuwar fatar da gizon ya saɓe. Cikin bincike na fiye da shekara 20, guda 62 kacal aka gani, dukkansu a wani yanki mai murabba'in kilomita 15 a tsaunukan Waianae na tsibirin Oahu. Gobarar daji ɗaya na iya shafe su.

Babbar masifar faɗa-wutan Hawai baƙi ne. Jiragen ruwa sun kai tururuwa da ɓeraye ba da niyya ba. Wasu baƙin kuwa da gangan aka shigo da su, wato ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsa, domin su rage ƙwarin rake da sauran amfanin gona. Zanzaron bai tsaya a gona ba. Wani bincike da aka wallafa a 2001 ya tattara tsutsotsin asali a dausayin Alakai na Kauai, can saman dutse nesa da kowace gona. Cikin ƙwarin da suka ƙyanƙyashe daga jikinsu, kashi 83 cikin 100 irin waɗanda aka shigo da su da gangan ne kafin 1945, kashi 3 kawai ne 'yan asalin wurin. A ganina ba dabarar haɗa ƙwaro da ƙwaro ce ke da laifi ba, rashin gwaji ne kafin saki. A Nijar ana sakin zanzaron Habrobracon hebetor kan tsutsar zangarniyar gero, yana kuma aiki, amma shi ɗan gida ne a Sahel.

Mu ma baƙon faɗa-wuta ya taɓa mu. Tsutsar da manoma ke kira Sharon, wadda ta ƙone tumatir a Kaduna da Kano a 2016, asalinta Kudancin Amurka. Tsutsar masara da ke cin zuciyar shuka, a farkon 2016 aka fara ganinta a Najeriya, ita ma daga nahiyar Amurka.

Saboda haka mai dawowa daga tafiya kada ya saƙo dashe, ɗanyen 'ya'yan itace ko iri a jaka ba tare da jami'an killace tsirrai sun duba ba. Mai sayen dashen tumatir daga wani gari ya juya bayan ganyen ya duba ƙwai da farin zanen da tsutsa ke bari. Wanda ya ga tsutsar da bai sani ba a gonarsa, ya saka biyu ko uku a kwalba tare da ganyen da ya same su a kai, ya huda murfin, ya kai wa malamin gona na yankinsa kafin ya sayi magani.