Jadawalin BCG

Jadawalin BCG wata dabara ce da manyan kamfanoni ke amfani da ita wurin raba jari tsakanin rassansu, wane reshe za a ƙara ma kuɗi, wanne za a tatsa, wanne za a sallama. Ya samo suna daga Boston Consulting Group, kamfanin ba da shawara na Amurka da Bruce Henderson ya kafa a 1963, shi ne kuma ya yi rubutun da ya yaɗa dabarar a 1970.

Abu biyu kawai ake aunawa, saurin haɓakar kasuwa, wanda galibi kashi 10 cikin ɗari a shekara ake ɗauka iyaka, sai kuma kason reshen in an gwada shi da na babban abokin gogayyarsa. Gida huɗu ke fitowa. Tauraro na da kaso babba a kasuwa mai tashe, yana kawowa amma fa yana ci. Saniyar tatsa kasonta babba ne a kasuwar da ta daina girma, to ita ce ke ciyar da gida. Alamar tambaya kasuwarta na gudu ita tana baya, kare kuwa ba kaso ba haɓaka.

A ɗauka wani alhaji ne a Aboabo nan Kumasi yana da shagon sarin shinkafa da ya daɗe da kama kwastomomi, da rumfunan Momo na tura kuɗi ta waya guda biyu, da tsohon shagon intanet da yara suka daina shiga tunda kowa ya riƙe waya. Shinkafar ce saniya, rumfunan alamar tambaya, shagon intanet kare. Jadawalin cewa zai yi kada ya sake zuba sidi a shinkafa fiye da abin da zai riƙe ta, ya kwashi ribarta ya buɗe rumfuna har su fi na maƙwabta yawa, in ba zai iya ba ya haƙura da su, shagon intanet ɗin kuma a sayar.

Hujjar Henderson ita ce wanda ya fi kowa yawan sarrafa kaya shi ke sarrafa shi da araha, dan haka kaso babba na nufin riba. Sai dai ba kullum ba, akwai kare mai kawo riba daidai gwargwado, kuma dambarwar ita ce wace kasuwa ake nufi, Aboabo kaɗai ko har babbar kasuwar Kejetia, dan amsar na iya maida saniya kare. Kamfanin General Electric da kamfanin ba da shawara na McKinsey sun fito da nasu jadawalin mai gida tara a shekarun 1970, inda suka ƙara ma'aunai.