Cocin Ekatontapiliyani na Tsibirin Paros

Panagiya Ekatontapiliyani tsohon coci ne na ɗariƙar Otodoks a garin Parikiya, babban garin tsibirin Paros, ɗaya daga cikin tsibiran Sikiladis da ke tekun Ejiyan a ƙasar Girka. Yana cikin majami'u mafi daɗewa a ƙasar waɗanda har gobe ake ibada a cikinsu. An gina shi da sunan Maryamu uwar Yesu, wadda Girkawa ke kira Panagiya, wato "mafi tsarki". Wanda ya sauka daga jirgin ruwan da ke tasowa daga tashar Pireyus, kusa da Atens, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa za ta kai shi bakin ƙofarsa.

Suna

Ekatontapiliyani na nufin "mai ƙofa ɗari". Mutanen tsibirin na cewa an ƙirga ƙofofi 99, ta ɗarin kuwa a ɓoye take, ba za ta bayyana ba sai ranar da Kwanstantinoful, wato Istanbul ta yau, ta koma hannun Girkawa. Ana kuma kiran cocin Katapoliyani, ma'ana wanda ke ta ɓangaren gari.

Tarihi

Labarin da aka gada kaka da kakanni ya danganta kafuwarsa da Helena, mahaifiyar Sarki Kwanstantin na daular Rum. An ce ta yada zango a Paros wajen shekarar 326 a hanyarta ta zuwa Urushalima, ta yi alwashin gina coci a wurin in ta gano gicciyen Yesu da take nema, ɗanta kuma ya cika mata alwashin. Abin da masu binciken gine-gine suka tabbatar shi ne, sassan farko na ƙarni na 4 ne. A ƙarni na 6, zamanin Sarki Jastiniyan na daular Rum ta Gabas (527 zuwa 565), aka sake ginin da siffar gicciye, aka ɗora masa ƙubba.

Akwai almarar da ke cewa wani Ignatiyus, almajirin Isidoros, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Aya Sofiya, babban cocin Kwanstantinoful, shi ya yi aikin. Da maigidan ya ga yaro ya fi shi, hassada ta kama shi, ya tura shi daga saman gini. Yaron ya riƙe shi, suka faɗo tare. Har yau ana nuna wasu gajerun siffofi biyu da aka sassaƙa a gindin wata ƙofar marmara, ana cewa su ne.

Girgizar ƙasa ta 1773 ta yi wa cocin ɓarna, gyare-gyaren da suka biyo baya kuma suka sauya kamanninsa. Tsakanin 1959 da 1966, masanin gine-gine Anastasiyos Orlandos ya cire ƙare-ƙaren baya, ya maido da shi kusa da yadda yake a zamanin Jastiniyan.

Abin da ke ciki

Gine-gine uku ne a haɗe cikin farfajiya mai farar katanga: babban cocin, da ƙaramin cocin Waliyyi Nikolas wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa, da ɗakin baftisma. Paros ta yi suna tun zamanin da saboda farin dutsen marmara da ake haƙowa a Marati da ke tsibirin, kuma magina ba su ƙyamaci ɗauko ginshiƙai daga tsofaffin gine-ginen zamanin bautar gumaka ba. A bayan bagade akwai kujerun marmara hawa-hawa masu siffar rabin da'ira, da kujerar bishop a tsakiya. Sama kuma akwai benen da mata ke tsayawa a da.

Ɗakin baftisman ne ya fi cancantar a tsaya a kai, ko da yake baƙi da yawa kan leƙa su wuce. A tsakiyarsa akwai kwarmin wanka na marmara mai siffar gicciye, da matakala da ake sauka ciki. Girmansa shaida ce ta lokacin da manya ne ke shiga addinin: mutum ya sauka cikin ruwa ta wannan gefe, ya fito ta wancan. Kaɗan ne irinsa suka rage da lafiyarsu a duk yankin Otodoks na gabas.

A wani lungu akwai kabarin Waliyya Teyoktisti, 'yar zuhudu daga tsibirin Lesbos. Tarihinta da wani marubuci mai suna Niketas Magistros ya rubuta a ƙarni na 10 ya ce 'yan fashin teku daga tsibirin Kirit suka kama ta a ƙarni na 9, ta kuɓuce musu a Paros, ta yi shekara 35 ita kaɗai a cocin, lokacin da tsibirin ya zama kufai. Ana nuna wani sawu a jikin dutse a matsayin nata, ana kuma tunawa da ita ranar 9 ga Nuwamba.

Ziyara

Wurin ibada ne mai rai, don haka ana son mai shiga ya rufe kafaɗu da gwiwoyi, ya rage murya. Masu ibada kan sayi siririn kyandir a bakin ƙofa, su kunna, su kafa shi cikin tiren yashi, sannan su sumbaci hotunan tsarkaka. A ƙarƙashin wasu hotunan za a ga 'yan farantan ƙarfe masu siffar ido, ƙafa, jariri ko jirgin ruwa. Girkawa na kiransu tamata, kuma kowanne alamar wata buƙata ce ko godiya. Bayan allon hotunan da ya raba bagade da jama'a, wurin firistoci ne, baƙo ba ya shiga.

Babban biki ranar 15 ga Agusta ne, ranar tunawa da rasuwar Maryamu, wadda Otodoks ke kira "barcinta". Ana fito da hotonta a zaga gari, da dare kuma jiragen masunta su cika gaɓar Parikiya da hasken wuta. A cikin harabar akwai ƙaramin gidan tarihi na hotuna da tufafin firistoci, a bayanta kaɗan kuma gidan kayan tarihi na Paros, inda aka ajiye wani ɓangare na dutsen da aka rubuta jerin shekarun tarihin tsohuwar Girka a kansa.